Satar Fasaha A Intanet: Abin Da Rufe Shafuka Ke Nufi Ga Katsina

A watan Yulin 2025, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta sanar da dakatar da shafin MovieBox.ng, wanda ta zarga da watsa finafinai da waƙoƙi da wasannin ƙwallo ba tare da izinin masu su ba. Ta yi aikin ne da taimakon NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar duk adireshin intanet mai ƙarewa da .ng. Hukumar, wadda Dokta John Asein ke jagoranta, ta ce shafin yana yawan sauya adireshi domin kauce wa kamu.

Matakin ya sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ke farautar irin waɗannan shafuka. Sai dai a birni irin Katsina, inda fim kan shiga wayar mutum daga kwamfutar mai shago ko daga wayar aboki, rufe shafi yana toshe mafari ɗaya ne daga cikin hanyoyi masu yawa.

Mene ne shafin musayar fayil?

Fayil shi ne duk abin da aka adana a waya ko kwamfuta, fim ne ko waƙa ko littafi. Shafukan musayarsa iri uku ne. Akwai masu ajiye kayan a rumbunsu, mutum ya shiga ya sauke. Akwai waɗanda ba sa ajiye komai, aikinsu haɗa mai nema da mai bayarwa, kowa ya kwasa daga kwamfutar wani, kamar yadda tsarin torrent ke aiki. Na uku su ne masu nuna fim kai tsaye ba sai an sauke ba.

Musayar fayil ita kanta ba laifi ba ce. Laifin yana shigowa ne idan abin da ake rabawa mallakar wani ne kuma bai ba da izini ba. Yawancin shafukan satar fasaha suna samun kuɗinsu ne daga tallace-tallace, shi ya sa suke ba da kayan kyauta.

Yadda farautar ta faro a duniya

Shafin Napster, wanda aka buɗe a Amurka a 1999 domin musayar waƙoƙi, shi ne na farko da ya yi suna, kuma shari'ar da kamfanonin waƙa suka shigar ta tilasta masa rufewa a 2001. A ranar 31 ga Mayun 2006, 'yan sandan Suwidin suka kai samame kan The Pirate Bay suka kwashe na'urorinsa, amma bayan kwana uku shafin ya dawo aiki. A watan Afrilun 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu da ke da hannu a cikinsa ɗaurin shekara guda da tarar kurona miliyan 30, duk da haka shafin ya ci gaba da sauya adireshi.

Samame mafi girma shi ne na Megaupload a watan Janairun 2012, lokacin da hukumomin Amurka suka ƙwace adireshinsa, aka kuma kama mai shi, Kim Dotcom, a ƙasar New Zealand. Masu gabatar da ƙara sun ce shafin ya jawo wa masu fasaha asarar fiye da dala miliyan 500. Wannan samame ya bar wani darasi na daban, domin mutanen da suka ajiye halaltattun takardunsu da hotunansu a shafin sun wayi gari ba su da hanyar kaiwa gare su. Daga baya an rufe KickassTorrents a 2016, sannan aka ƙwace adireshin shafin littattafai na Z-Library a 2022.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta samo asali ne daga dokar soja ta 1988, zamanin kaset da faifan garmaho. Sabuwar, wadda ake kira Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, ta samu sa hannun marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a ranar 17 ga Maris, 2023, kuma ita ce ta fara ware babi guda domin abubuwan da ake ɗorawa a intanet.

A ƙarƙashinta, wanda aka ɗora aikinsa ba da izini ba zai iya aika takardar ƙorafi ga kamfanin da ke ɗauke da kayan, shi kuma wajibi ne ya sauke su cikin gaggawa ya sanar da wanda ya ɗora. Idan wanda ya ɗora yana ganin yana da gaskiya, doka ta ba shi damar mayar da martani. Mai maimaita laifi za a gargaɗe shi, idan bai daina ba a dakatar da asusunsa. Sashe na 61 kuma ya ba hukumar ikon toshe duk shafi ko mahaɗin da take da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa yana keta haƙƙin mallaka. Wanda ya watsa aikin wani a intanet domin neman kuɗi yana iya fuskantar tarar da ba ta gaza Naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma tana da reshe a Katsina.

Dokar ta kuma fayyace tsawon kariya. Littafi da waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan shekarar da mai su ya rasu, fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga fitowarsu. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Dokta Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, ko da yake suna yawo a memori da YouTube kamar ba su da magada.

Yadda kayan ke yawo a Katsina

Masana'antar Kannywood, wadda ake danganta farkonta da fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta rayu ne a kan sayar da kaset, daga baya faifan CD. Dillalai kan sari kaya a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano su kawo Katsina da Funtuwa da Daura, wasu kuma su tsallaka da su ta Jibiya zuwa Maraɗi. Da wayar hannu mai memori ta yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe, masu tura finafinai suka maye gurbinta.

Sana'ar ba ta buƙatar jari mai yawa: kwamfuta ɗaya, rumbun ajiya, igiyoyin haɗi da janareta ko sola. Mai shago yakan haɗa ta da cajin waya. Fim ɗaya da ya samu zai iya tura shi ga ɗaruruwan mutane ba tare da ya ragu ba, wanda ya saya kuma ya raba wa abokai ta manhajar Xender, wadda ba ta buƙatar data ko sabis. Akwai kuma zaurukan WhatsApp da tashoshin Telegram, inda ake baza finafinan Indiya da aka fassara da Hausa da kuma littattafan marubutan intanet, waɗanda sukan sayar wa masu karatu kan 'yan ɗaruruwan Naira, kafin wani ya fitar da littafin ya watsa shi kyauta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ke dogara da adireshin .ng, saboda haka ikon NiRA bai kai gare su ba. Telegram kamfanin waje ne, sai dai a kai masa ƙorafi. Shagon unguwa kuwa sai jami'i ya taka da ƙafarsa, kuma masu sana'ar galibi matasa ne da ita ce abincinsu.

Wanda ke asara

Asarar tana farawa daga furodusan da ya zuba kuɗi, ta gangaro kan marubucin labari da mai ɗaukar hoto da mai tace fim da ƙananan 'yan wasa. Mai kallo ma ba ya tsira, domin irin waɗannan shafuka sukan cika da tallan caca da batsa da manhajojin da ke satar bayanan waya, har da na asusun banki.

Ga masu ɗaukar abin da ke intanet a matsayin tsintuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta shi ba.

Hanyoyin da masu fasaha suka bi

Masu shirya finafinai ba su tsaya jiran samame ba. Da yawa sun koma finafinai masu dogon zango a YouTube, inda talla ke biyan su gwargwadon yawan masu kallo. Izzar So na Lawan Ahmad, da ke fitowa a tashar Bakori TV tun 2020, da Labarina na Aminu Saira, suna cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. Wasu sun sayar wa tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, wasu kuma sun gwada manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix da aka buɗe a 2019. Idan fim yana samuwa kyauta daga hannun mai shi a ranar da ya fito, ribar ɓarawo tana raguwa, ko da yake tsadar data har yanzu tana kai mutane shagon turi.

Ga marubuci ko mawaƙi a Katsina, kariyar doka tana farawa ne daga lokacin da ya rubuta ko ya naɗi aikinsa, ba sai ya yi rajista ba. Amma yin rajista da hukumar, da adana kwafin asali, da rubuta yarjejeniya da duk wanda zai sayar ko ya watsa aikin, su ne hujjojin da zai gabatar idan ya aika takardar ƙorafi ko ya shigar da ƙara a kotu.