Tsiron fatar kai da ke dawowa bayan magani: yaushe ake zargin sankara?

Tsiron fata da Hausawa ke kira tusar jaki yana faruwa ne sakamakon ƙwayar cutar HPV, wadda ke da nau'o'i fiye da 100. Tana shiga ta inda fata ta ƙuje, kuma aska, mataji ko injin aski da ake haɗawa da wasu na iya yaɗa ta.

Galibin irin wannan tsiro ba shi da haɗari, kuma da yawa kan ɓace da kansu cikin shekara biyu, musamman ga yara. Yakan dawo ne saboda magani na kawar da tsiron da ake gani, ƙwayar cutar kuwa ta saura a fatar da ke kewaye.

Likitoci kan daskarar da shi da ruwan naitirojin, ko su ƙone shi da na'urar lantarki, ko su kankare shi. Yankewa a gida ko wurin wanzami na jawo zubar jini da ƙarin yaɗuwa.

Sai dai wata sankarar fata kan fara da kamannin tusar jaki. Alamun da ke buƙatar ganin likitan fata sun haɗa da saurin girma, zubar jini, sauya launi, gyambon da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a wuya. Zabiya, masu sanƙo da ke daɗewa a rana, masu tsohon tabon ƙuna da masu raunin garkuwar jiki sun fi fuskantar haɗarin.

Ana tabbatarwa ne ta hanyar yanko ɗan tsiron a auna a ɗakin gwaje-gwaje. Sankarar da aka gano da wuri yawanci tiyata na warkar da ita.