Heiho da PETA: Sojojin da Japan Ta Ɗauka a Indunusiya

A watan Maris na 1942 sojojin Holan suka miƙa wuya ga Japan a tsibirin Jawa, mulkin mallakar da ya daɗe a Indunusiya ya rushe cikin 'yan makonni. Da yaƙi ya fara juya wa Japan baya, sai ta ga ba ta da isassun mazajen da za su tsare waɗannan tsibirai. A 1943 ta buɗe wa samarin ƙasar ƙofa biyu.

Ta farko ita ce Heiho, wato mataimakan soja. Waɗannan an zuba su ne kai tsaye cikin rundunar Japan, suna haƙa ramuka, suna dakon kaya, suna gadin sansani, wasu kuma suna riƙe bindiga. Ba wanda aka ba muƙamin hafsa a cikinsu. An kwashi da yawa zuwa fagage masu nisa kamar Bama, inda sojojin Najeriya ma suka yi yaƙi a ɓangaren Ingila. Ana kuma riƙe wani kaso na albashinsu da sunan ajiya.

Ta biyu ita ce PETA, rundunar sa-kai ta kare ƙasa, wadda aka kafa a watan Oktoba. Ita kam 'yan ƙasa ne hafsoshinta, kuma a garin Bogor aka horar da su. Cikinsu akwai Sudirman, wani malamin makaranta, da Suharto, wanda daga baya ya mulki ƙasar. Tun ba a je ko'ina ba horon ya koma kan mai shi: a Fabrairun 1945 bataliyar Blitar ta yi wa Japan tawaye ƙarƙashin Supriyadi.

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, bayan kwana biyu Sukarno ya shelanta 'yancin kai. Da Holan ta dawo neman mulkinta, sai ta tarar da sabuwar runduna wadda Sudirman ke jagoranta. Tsofaffin Heiho sun shiga cikinta, amma galibin manyan muƙamai da yabon tarihi sun tafi ga mutanen PETA.

A shekarun 1990 waɗanda suka rage daga Heiho suka nemi kuɗin ajiyarsu. Japan ta ce yarjejeniyar diyya ta 1958 ta riga ta rufe wannan magana.