Izakaya: Murhun Waɗanda Ba Su Da Murhu

A shirye-shiryena na rediyo nakan ce, mai son sanin tarihin gari ya tambayi inda leburorinsa ke cin abincin dare. A Japan, wurin shi ne izakaya.

Asalinta zamanin Edo ne, 1603 zuwa 1868. A birnin Edo, wato Tokyo ta yau, maza sun fi mata yawa, kuma gobarar 1657 ta ƙara jawo magina da kafintoci daga ƙauyuka. Yawancinsu gwauraye ne, ba mai dafa musu. Sai masu sayar da sake, giyar shinkafa, suka fara barin mai saye ya zauna ya sha a shago, daga baya suka haɗa da ɗan abin taɓawa. Ma'anar sunan ke nan: shagon sake da ake zama.

Bayan yaƙin duniya na biyu, irin waɗannan rumfuna sun tsiro a kasuwannin bayan fage. Lungun Omoide Yokocho na unguwar Shinjuku yana nan har yau, ana gasa yakitori, tsiren kaza.

Ni ba giyar ce ta ja hankalina ba. Ɗan ci-rani, ko'ina yake, yana bukatar benci da mai ce masa sannu da aiki.