Wasiƙa Daga Ingila: Motar Cikin Kwalin Ashana

Wasiƙar wannan karo ta yi jinkiri, a yi mini afuwa, aiki ne ya sha kaina. Yau labarin wata 'yar mota na zo muku da shi, wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsana ba, amma ta sa ni bin diddigin tarihi, ta kuma jawo mini gori a wurin uwargida.

A nan ƙasar akwai wata kasuwa da ke ci da sassafe ranar Lahadi, musamman idan sanyi ya ja baya. Ana samun fili ne, ko na makaranta ko na wani manomi, kowa ya biya kuɗin shiga, ya faka motarsa, ya buɗe but, ya kafa ɗan tebur ya baje kayan da ya gaji da su. A taƙaice dai gwanjon Turawa ke nan. Keke na je nema wa ɗana, sai idona ya faɗa kan wani kwali cike da tarkace a gaban wata tsohuwa. Ina tonawa sai ga wata 'yar tifa ƙirar Bedford, kanta ruwan toka, bayanta ja, fentin duk ya kankare. Na tambaya nawa, ta ce rabin fam. Ta ƙara da cewa ta mijinta ce tun yana yaro, ya rasu, 'ya'yansu kuma babu mai so.

Mai karatu zai ce to mene ne abin labari? Ai ni na san motar nan. Muna yara a Kakuri, ɗan maƙwabcinmu yana da irinta, babansa ya sayo masa a kantin Kingsway. Mu kuwa motar kara muke yi, in mun samu gwangwani mu yi ta langa-langa, mu yanko tsohon silifa mu yi tayoyi. Sai ka yi wa yaron nan fadanci kafin ya bar ka ka taɓa tasa. Shekara talatin da wani abu bayan nan, ga ta a hannuna a kan rabin fam. Da na juya cikinta sai na ga an rubuta sunan Lesney, da lamba 3, da cewa a Ingila aka ƙera ta. Daga nan bincike ya fara.

Ashe ba Lesney ne ya fara wannan sana'a ba. Wani mutumin Libaful mai suna Frank Hornby, mai kamfanin Meccano, shi ya riga su. A 1934 kamfaninsa ya fara sayar da ƙananan motoci da sunan Dinky, daga masana'antarsa da ke titin Binns. Yadda ake yin su kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane zai gane: a narka tutiya a haɗa ta da ɗan sanholo, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta daskare ta fito da siffar mota. Waɗanda aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa sun tsattsage sun marmashe da kansu, domin haɗin ƙarfen na lokacin bai da tsarki, dalma ta shiga ciki. Shi ya sa masu lafiya daga cikinsu suke da tsada.

Shi kuwa Lesney, a 1947 aka kafa shi a arewacin Landan. Wasu abokai biyu ne da suka dawo daga aikin sojan ruwa, Leslie Smith da Rodney Smith, sunan mahaifi ɗaya amma ba dangi ba ne. Suka ɗauki farkon sunan ɗaya da ƙarshen sunan ɗaya suka haɗa, ya ba da Lesney. A wata tsohuwar mashaya suka fara, suna zuba ƙananan kayan ƙarfe ga masana'antu, sannan wani gwanin sassaƙa mazubi mai suna Jack Odell ya shigo cikinsu. Da Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, gwamnati ta taƙaita amfani da tutiya wajen yin kayan wasa, kasuwa ta tsaya, har Rodney ya sayar da kasonsa ya yi gaba. Bai san arziki yana bakin ƙofa ba.

A 1953 aka yi bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Lesney ya ƙera ɗan ƙaramin keken dokin sarauta, aka sayi sama da miliyan ɗaya, suka samu jari. Labarin da ake bayarwa shi ne, makarantar su 'yar Odell ta kafa doka cewa kada yaro ya zo da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba. Sai uban ya ƙera mata 'yar motar daɓe titi daidai kwalin, yaran ajin kowa ya ce shi ma yana so. Daga nan sunan Matchbox ya samo asali, wato kwalin ashana, kuma a cikin kwali mai kama da na ashana ake sayar da su, a kan sule ɗaya da sisi. Dabarar ke nan: Dinky ta 'ya'yan masu hali ce, wannan kuwa ɗan lebura ma zai iya saye da kuɗin kashewarsa. Suka jera motocin da lamba, daga 1 har zuwa 75.

A 1956 kamfanin Mettoy ya shigo da nasa mai suna Corgi, daga garin Suwansi na yankin Wales, ya sa wa motocinsa gilashin roba a tagogi, abin da Dinky ba ta da shi a lokacin. A 1965 suka fitar da motar James Bond mai kujerar da ke cilla mutum sama, aka yi ta rububinta. A waɗannan shekaru dubban ma'aikata, akasarinsu mata, suke cin abinci a masana'antun Lesney da ke unguwar Hakni.

To amma kowa ya ci zamaninsa, sai ya ga na wani. A 1968 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, motoci 16 masu fenti mai walƙiya. Sirrinsu siririyar waya ce da ke riƙe tayoyin, shi ya sa da an ɗan tura su sai su sheƙa da gudu. Yara suka juya wa na Ingila baya. Lesney ya mayar da martani a 1969 da samfurin Superfast, ya ɗan farfaɗo, amma tsadar aiki a Ingila da arahar ƙira a Hon Kon suka ci gaba da cin su. Masana'antar Dinky ta titin Binns ta rufe a ƙarshen 1979. Lesney ya durƙushe a 1982, wani kamfanin Hon Kon mai suna Universal ya saye sunan, aka kwashe aikin zuwa Makau. Mettoy ya bi sahu a 1983. A 1997 sunan Matchbox ya koma hannun Mattel, wato wanda ya kayar da su shi ya gaje su. Odell bai haƙura ba, ya juya sunansa baibai ya kafa kamfanin Lledo, ya ci gaba da ƙira a Ingila. Ya rasu a 2007. Masana'antar Hakni kuwa an rushe ta a 2010, aka gina gidajen haya a wurin.

Ga wanda ya zo nan yake sha'awar nema, ya fara duba cikin motar, can ake rubuta ƙasar da aka yi ta. Sannan ya duba taya: ta ƙarfe ita ce mafi tsufa, sai ta roba ruwan toka, sai baƙa. Kada ya sake mata fenti, yin haka yana karya darajarta. Kwalinta na asali kuwa, wani lokaci ya fi motar kuɗi. Kuma ya yi sammako, domin dillalai da tocila suke zuwa tun gari bai waye ba.

Yanzu ina da guda arba'in da ɗoriya a kan kanta. Uwargida ta ce mutum da furfurarsa yana tara kayan wasa alhali ana jiran saƙonsa a gida, kuma gaskiyarta, don haka na yi wa kaina iyaka, fam biyar a wata. Amma duk sanda na ɗauki tifar nan, masaƙun Kakuri nake tunawa, yadda mahaifinmu da dubban irinsa suke fita da jiniyar asuba, da yadda aka wayi gari ƙofofin suna garƙame. Ashe matan Hakni ma sun sha irin wannan.

Rannan ɗana ya tambaye ni wace mota nake da ita ina yaro. Na ce wadda na ƙera da hannuna. Bai yarda ba. Karan dawa dai babu shi a nan, sai na samo gwangwanin madara da tsohon silifa muka zauna a kicin. Na yanke a yatsa, motar ta fito a karkace, amma ita ya ɗauka ya kai makaranta ranar Litinin, ya bar Bedford a kan kanta.

A gaida mutanen gida. Wanda ɗansa ya iya motar kara, don Allah ya ɗauko mini hotonta. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.