Wa Ke Biyan Kuɗin Buri? Daga Ruwan Bagaja Zuwa Jatau Na Kyallu

A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora ce ake kora ta je wankin kirgi. Tana tafe tana tambayar kowane kogi da waƙa, ta yi ladabi ga cinya da kare, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi. Nazari yakan tsaya kan tarbiyyar da ke ciki. Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne inda tatsuniyar ta ajiye hukunci: wanda burinsa ya cika ba ya biyan komai, mai hassada ke ɗaukar nauyin duka. Da 'yar bora ta shigo gari bisa doki, ba mai sake tambayar yadda ta kwana da arzikin.

Wasan Into the Woods na Stephen Sondheim da James Lapine, wanda aka fara nunawa a Broadway ta Amurka a 1987, wannan tambayar ya yi wa tatsuniyoyin Turawa. A kashi na farko kowa ya sami abin da ya roƙa. A na biyu sai matar ƙaton da aka kashe ta sauko neman fansa, kowa ya shiga ɗora wa wani laifi, duk cikin waƙa.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga irin wannan hisabi. Shu'aibu Maƙarfi, marubucin Zamanin Nan Namu na 1959, ya yi shi a wasansa Jatau Na Kyallu a 1960. Attajiri Malam Jatau ya nace sai ya auri Kyallu karuwa, aka ba shi shawara ya ƙi ji, ya aure ta, gida da dukiya suka watse. Sai dai Maƙarfi ya zaɓi zaman birni da zance tsagwaronsa, ya bar Gizo da Ƙoƙi a ɗakin kaka.

A ganina rabuwar nan tsakanin tatsuniya da wasan kwaikwayo ce ta rage wa dandamalinmu ƙarfi. Tatsuniya na da waƙa da amshi, tashe ya saba wa yaran Ikara da Kudan kwaikwayo da kiɗa tun suna ƙanana, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta kai Wasan Manoma garin Soba tun 1977. Abin da ya saura shi ne marubucin da zai bi 'yar bora har gidan miji, ya nuna ranar da dangin mowa suka zo neman rabonsu.