Tarihin kantin da ake saida tufa da kilo

 

Kun san awo. Hatsi da tiya ake auna shi. Gyaɗa da kaɗa, bisa sikeli ake aza su. Nama ma akwai mai saida shi da kilo. Amma riga fa? Riga, a wurinmu, ɗaya-ɗaya ake sayen ta. A duba ta, a juya ta, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu kantuna inda ba a tambayar kuɗɗin riga. Mutum shi kwashi tsofaffin riguna da wanduna da takalma, shi aza bisa sikeli, shi biya kuɗɗin nauyinsu. Yau tarihin waɗanga kantuna za mu ba ku. Kada ku ce abin nesa ne. Boshon da kuke saye a kasuwa, wanda ake ce ma gwanjo a Najeriya, wani daga ciki ta bayan wanga sikeli ya biyo.

Da farko tsumma ake aunawa

A zamanin da, tufa tsada gare ta a Turai, kamar yadda take da tsada a nan. Da hannu ake kaɗi, da hannu ake saƙa. Uba shi sa riga, ɗa shi gada. In ta mutu sarai, ta zama tsumma. Tsumman ma ba a zubar da shi, don har bayan shekara ta 1850 da tsummoki ake yin takarda a Turai. Mai yin takarda ba ruwanshi da kyan ɗinki. Nauyi shike so. Saboda haka da sikeli shike saye.

A shekara ta 1813, a wani gari na Ingila mai suna Batli, wani mutum, Benjamin Law, ya gano dabarar yayyaga tsofaffin tufan ulu, a gama su da sabon gashin tumaki, a sake saƙawa. Daga nan tsumma ya ƙara daraja.

A birnin Pari na Faransa, akwai talakawa masu yawa da sana'arsu ke nan. Da dare suke fita, kwando a baya, ƙugiya a hannu, da fitila. Su tona shara, su tsinci tsumma da ƙashi da kwalba. Da safe su kai ma manyan ƴan tsumma, a auna, a biya su. A 1884 perfen yankin Pari, Eugène Poubelle, ya tilasta ma masu gidaje su aje mazubin shara. Masu tsintar tsumma sunka yi kuka, sunka ce an taɓa musu abinci. Sunan wanga perfe ne ya bi mazubin shara har yau, shi ne pubel.

Ku riƙe wannan: tufa da ido ake sayen ta, tsumma kuwa da sikeli.

Mutumin da ya bi gida-gida da buhu

Yanzu mu ƙetare teku, mu tafi Amurka. A shekara ta 1902, a birnin Boston, akwai wani limamin Kirista mai suna Edgar Helms. Unguwar da shike aiki ta matalauta ce, baƙi da yawa, aiki babu. Sai ya ɗauki buhun algarara, shina bin unguwannin masu hali gida-gida, shina roƙon tufa da kayan da sunka daina amfani da su.

Ya ga cewa rabon sadaka kurum ba shi fid da mutum daga talauci. Sai ya ɗauki matalautan aiki. Su wanke, su ɗinke, su gyara. A saida kayan da araha, a biya su lada da kuɗɗin. Wagga ƙungiya ita ce daga baya anka sa ma suna Goodwill, wato kyakkyawar niyya. A yau tana da kantuna fiye da 3000 a Amurka da Kanada.

Ba su kaɗai ba ne. Ƙungiyar Salvation Army ta yi irin wanga aiki a zamani guda. A Ingila, ƙungiyar Oxfam ta buɗe kantinta na farko a garin Oksfod a 1948. A Faransa, ƙungiyar Emmaüs ta kafu a 1949, mutanenta sunka rayu da tsintar tsofaffin kaya. Duka hanyarsu guda: mai hali shi ba da kyauta, kanti shi saida, kuɗɗin su tafi wajen taimako.

Kaya sun fi ƙarfin kanti

A zamanin Helms, kaya kaɗan ne, hannuwan gyara da yawa. Daga baya abin ya juya. Injuna sunka yawaita. Manyan kamfanoni sunka kai ɗinki ƙasashen da ladan ma'aikaci ba shi da yawa, kamar Sin da Bangaladash. Sabuwar riga ta yi araha ƙwarai. Tsakanin 2000 da 2015, yawan tufan da ake ɗinkawa a duniya ya ninka biyu. Mutane sunka koma sa riga ƴan kwanaki su yar. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ce tufa da yadin da anka zubar a ƙasar a 2018 sun kai tan miliyan 17, fiye da tan miliyan 11 kuwa cikin ramin shara sunka ƙare.

Kyautar da ake kai ma kantunan taimako ita ma ta yi yawa, har ta fi ƙarfinsu. Gyaran riga ya fi sayen sabuwa tsada, sai anka rage gyara. Kanti kuma ba shi da wurin aje kaya har abada. Riga ta yi ƴan makonni a rataye, in ba a saye ta ba, a sauke ta, a rataya wata.

Ina za a kai waɗanda anka sauke? Rubuta ma kowace riga farashi aiki ne, kuma ma'aikaci kuɗɗi ake biyan shi. Sai anka tuna da tsohuwar dabarar ƴan tsumma: a aza bisa sikeli. Haka kantin kilo ya samu. Shi ne zangon ƙarshe kafin kaya su bar hannun ƙungiyar.

Cikin kantin kilo

Wurin kamar babban sito shike. Ba a rataye komi. Kaya na zube cikin manyan akwatunan roba shuɗɗa, masu ƙafafun taya, kamar kwamin ban ruwan shanu. Riga, zanen gado, jakka, abin wasan yara, duka a cakuɗe.

Lokaci-lokaci ma'aikata su tura tsofaffin akwatuna waje, su shigo da sababbi. Masu saye su tsaya bayan layi, ba mai taɓa komi sai an ba da izini. Da an ba da izini sai wawa ta tashi. Da yawa suna sa safar hannu, don akwai fasasshiyar kwalba da allura cikin kayan.

In mutum ya gama zaɓe, shi tura amalankenshi bisa sikeli. Mutanen Amurka ba su awo da kilo, da laba suke yi. Laba 1 giram 454 ce, wato ta gaza rabin kilo kaɗan. Kowane gari da farashinshi. A wurare da yawa, in kayanka sun yi nauyi sosai, ana rage maka kuɗɗin laba. Manyan kaya kamar kujera da tebur, su ɗaya-ɗaya ake yi musu kuɗɗi.

Su wa ke zuwa? Akwai mai iyali da albashinshi bai isa ba. Akwai baƙi ƴan ci-rani. Akwai ɗalibai. Akwai kuma ƴan kasuwa, masu yini can suna neman riga mai suna, su saye ta da kuɗɗin nauyi, su saida ta da tsada ta intanet. Sikeli bai san alharini ba, bai san leda ba. Wanda ya san tufa shi ke cin riba. A Faransa ma akwai kantunan tsofaffin tufa da ake saye da kilo, sai dai can an riga an zaɓe kayan, an rataye su.

Bayan sikeli, sai dila

Abin da ya rage a kantin kilo, ana danne shi da inji, a ɗaure, a saida ma manyan ƴan kasuwa. Su kuma su rarraba. Wani a yanka shi tsumman goge inji. Wani a niƙa shi, a cusa cikin katifa ko kujerar mota. Wanda ke sawuwa a ware shi iri-iri: rigunan maza daban, na yara daban, rigunan sanyi daban, lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Wagga rarraba, wani lokaci a Amurka ko Turai ake yin ta, wani lokaci a Pakistan ko Dubai. Sannan a ɗaure diloli, galibi kilo 45 ko kilo 55, a zuba cikin kwantena, a sa a jirgin ruwa.

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa diloli ta Kwatano da Lome suke shigowa. A 2023 anka rufe iyakarmu da Benin, kaya da yawa sunka koma hanyar Lome. Daga tashar jirgi mota ta kawo su Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa. Najeriya ta daɗe da hana shigo da tsofaffin tufa, amma mutanenta na son su, shi ya sa dila da yawa da ta sauka Maraɗi ba nan take kwana ba.

Ba dukan bosho ke fitowa daga kantin kilo ba. Wani daga akwatunan tara tufa na Turai shike, wani daga Sin. Amma doka guda ce: daga ranar da riga ta rasa mai saye a can, da nauyi ake cinikin ta, har ranar da ɗan bosho ya yanke igiyar dila a kasuwarmu. Nan ne take komawa riga, a taya ta ɗaya-ɗaya.

Amfani da illa

Amfanin bosho ba ɓoyayye ba ne. In sanyi ya sauko, da shi talaka ke rufa ɗiyanshi. Ya ba mutane da yawa sana'a: mai dila, mai kasawa, mai yawo da kaya ƙauye, mai wanki da guga, telan da ke rage wando.

Illa ma akwai. Masaƙi da marini da tela ba su iya yin araha kamar rigar da anka samu kyauta. Mai sayen dila kuma bai ga cikinta ba sai ya biya. A Akra, babban birnin Gana, akwai kasuwar Kantamanto. Wata ƙungiya mai suna Or Foundation ta ƙiyasta tufa miliyan 15 ke shiga wagga kasuwa kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Ƙungiyar masu shigo da kayan ta ce sharar ba ta kai haka ba. Amma tsummokin da ke toshe lambatu da bakin teku, kowa ya gan su. A watan Janairu na 2025 gobara ta cinye babban sashe na kasuwar, dubban mutane sunka rasa jarinsu.

Waɗansu ƙasashe sun gwada tsare masu ɗinkinsu. A 2016 Ruwanda ta ɗaga kuɗɗin duwan na bosho: kilo 1 da ake biya ma kashi 20 cikin 100 na dalar Amurka ya koma dalar Amurka 2 da rabi. Amurka ta ji haushi. A 2018 ta janye ma Ruwanda damar kai tufanta Amurka ba haraji. Kun gani, har gardamar gwamnatoci bisa kilo anka yi ta.

Mu yi lissafi

Ga misali, ku rubuta cikin kayenku. A ce kun sayi dila jikka 80. A ce riga 200 ke ciki. Kowace riga ta kama muku tamma 400, wato dala 80. To, kun kwance, kun iske 40 sun yage ko sun yi tabo, ba mai sayen su. Saura 160. Ku raba jikka 80 gida 160. Yanzu kowace riga ta kama tamma 500, wato dala 100. Ba a sa kuɗɗin mota da na wanki ba. Wanda ya saida bisa dala 90 shina murna, alhali uwar kuɗɗi shike ci.

Saboda haka, in za ku sayi dila, ku karanta takardar da ke manne da ita: nauyi nawa, wane iri, lamba nawa. In da hali a aza ta bisa sikeli gabanku. Ku ƙirga abin da ke ciki, ku fid da marasa kyau, sannan ku yanke farashi. In riga guda za ku saya, ku ɗaga ta ga rana, ku duba hammata da wuya da zip. Kafin a sa, a wanke da sabulu, a shanya ga rana, balle ta jariri. Kuma in salla ta zo, kada ku mance da telan unguwa da masaƙin ƙauye.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna su da malaminku. Me ya sa anka koma saida tufa da sikeli a Amurka? A ƙauyenku masaƙa nawa ne a da, nawa sunka rage yau? In dila ta jikka 60 ce, riga 150 masu kyau ke ciki, nawa kowace riga ta kama?

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.