Shago daban, kwaɗo daban

Jama'a, masu cewa shagon intanet ne maganin satar fasaha, mu ɗan waiwayi baya.

A 1990 Turmin Danya ya fito a Kano a kaset ɗin bidiyo. Da CD ya shigo, kwafi ya zama wasan yara. Sai kuma masu tura fim a waya: a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, ka miƙa memori a cika maka fina-finai da gem. Kasuwar faifai ta durƙushe, furodusoshi suka koma YouTube da manhajoji irin su Northflix.

Masu gem sun riga mu bin wannan hanya. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, inda gem da yawa ke ɗaure da asusunka. A 2008 GOG ya zo yana sayar da gem ba kwaɗo: ka sauke, ka ajiye abinka. Duka biyun shaguna ne. Ke nan shago ba shi ne kwaɗo ba, mai kaya ne ke zaɓar saka shi.

To wa kwaɗon ya fi kamawa? A 2024 Ubisoft ya rufe gem ɗin The Crew, waɗanda suka biya suka tashi a tutar babu. Kaset kuwa, ko maƙwabci kana iya ara wa.

Don haka ɗan Doguwa ko Bebeji, kafin ka biya, tambayi: in sabis ya ɗauke, abin zai buɗe?